Yadda ake sa a sassaƙa maka takobin icce, na wasan yara ko na ado

Jama'a barkanmu da warhaka. Duk shekara in lokacin kokawar takobi ya matso, wato gasar kokawar gargajiya ta ƙasa wadda ake ba wanda ya ci takobi, wajajen ƙarshen Disamba, za ka ga yaran unguwa nan Tahoua kowa da karan dawa ko guntun falanki a hannu, wai shi ne sarkin kokawa, kuma ba laifinsu ba ne tunda garin nan anka fara gasar a 1975 lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko. Abin da ke tada min hankali shi ne guntayen katakon da suke tsinta bakin atiliye, wani da ƙusa a jiki, wani bakinsa tsini kamar mashi. Alhali da kuɗi kaɗan za a iya sa mai sana'a ya yi ma yaro takobin icce mai kyau wanda ba zai ji ma kowa ciwo ba, haka ma wanda ke son na ratayewa a falo ko na ba baƙo kado. To ga yadda ake bin abin tun daga farko, don yawancin rigimar da ake yi da masu sana'a ba daga mugunta take zuwa ba, daga rashin bayani ne, kai kana da hoto a kanka shi kuma yana da nasa daban.

Kafin ka taka ƙafa wajen kowa ka zauna ka yanke ma kanka shawara, takobin nan na mi ne. In na wasan yaro ne to rashin nauyi da rashin kaifi su ne gaba da komi, kyau ya biyo baya. In na ado ne, wanda za a rataya a bango ko a aje a biro, nan kana iya sakin hannu, a yi shi siriri, a zuba masa zane, a yi masa kube na fata. Akwai kuma na uku wanda mushe-mushen lekol suka fi nema, wato na wasan kwaikwayo, in za a yi wasan Sarauniya Mangu ta Lugu da yaƙinta da sojan Faransa a 1899, ko na Kawusan da ya kewaye Agadas a 1916, su waɗannan ana son su da yawa, iri ɗaya, masu ɗaukar ido daga nesa, kuma masu jure a buga su da juna. Kada ka ce kana son guda ɗaya da zai yi duka aikin ukun, ba ya yiwuwa, na ado in yaro ya yi wasa da shi kwana biyu ya karye, na wasa kuma in ka rataya shi a falo ƙato ne mara fasali.

Daga nan sai siffa. Mu nan abin da ido ya saba da shi shi ne takobin Buzaye, wanda sarakunanmu da dogarai ma ke ratayawa: miƙaƙƙe ne ba lanƙwasa, baki biyu, yana da faɗi daga gindi yana tsukewa a hankali, a tsakiyar ruwan, wato jikin takobin ban da mariƙi, akwai ƴan kwaruruka da ke bin tsawonsa, sau da yawa guda uku, sai makarin hannu mai faɗi da ya gitta, mariƙi gajere, sannan ɗan dunƙule a ƙarshen mariƙin. Tsawonsa duka bai cika wuce metir ɗaya ba. Abin da ya sa nake son wannan siffar ga yara shi ne bakin ƙarshensa a asali ma ba tsini ba ne sosai, a zagaye yake, don haka in ka ce a dakushe kan ba ka ɓata kamanninsa ba. Mai lanƙwasa irin wanda yara ke gani a fim shi ma ana yi, amma ka sani yana cin faffaɗan katako kuma ya fi saurin karyewa a wurin lanƙwasar, zan faɗi dalili in mun zo maganar icce. Ka nemi hoto mai kyau a waya, wanda anka ɗauka daga sama takobin na kwance, ba wanda wani ke riƙe da shi a karkace ba.

Amma hoto kaɗai bai isa ba, kuma nan ne nake so a tsaya a natsu don shi ne rabin aikin. Ka samu kwali babba, irin na firiji ko na talabijin, ka shimfiɗa a ƙasa, ka zana takobin da girmansa na gaskiya, ka yanke da reza ko almakashi. Dabara ita ce ka ja layi ɗaya miƙaƙƙe a tsakiya, ka zana rabi ɗaya kawai, ka yanke, ka kifa rabin a ɗaya gefen ka bi shi da kiriyon, haka gefe biyun za su zo daidai. In na yaro ne ka kira shi ya tsaya, ya saki hannu, ka ba shi kwalin ya riƙe kan na kallon ƙasa, in ya taɓa ƙasa to ya yi tsawo, a rage har ya zama akwai tazarar kamar tafin hannu. A ƙiyasi yaro ɗan shekara 5 zuwa 7 santimetir 45 zuwa 55 ya ishe shi, ɗan 8 zuwa 12 kuma 60 zuwa 70, babba 90 zuwa 100, amma gwajin kwalin ya fi wannan lissafin gaskiya don yara ba girmansu ɗaya ba. Ɗan ƙasa da shekara 4 kam ni ban ba da shawarar a yi masa na icce ba ko kaɗan, a bar shi da na kwalin. Mariƙi ka auna faɗin tafin mai shi ka ƙara yatsa biyu, kaurinsa kuma ya zama in ya damƙa babban yatsa na taɓa na tsakiya. Sai ka ɗauki bik ka rubuta a jikin kwalin: tsawo duka, tsawon mariƙi, faɗin gindi, faɗin kai, da kauri. Kaurin nan mutane ke mantawa da shi tunda kwali ba ya nuna shi. Na wasa ka rubuta santimetir 1,5 zuwa 2 a tsakiya, na ado santimetir 1 ma ya yi. Ka yanka kwalin biyu, ɗaya ka ba mai aiki ɗaya ka aje gida, ka ɗauki hotonsa da metir a gefe. Gani ya kori ji, ranar karɓa ba gardama, a ɗora takobi bisa kwali kawai.

To wajen wa za a kai? Ba mutum ɗaya ba ne, kuma kowa da inda ya fi ƙarfi. Kafinta yana da zarto da injin goga, layinsa miƙaƙƙe ne, katakonsa yawanci busasshe ne, in kana son guda goma iri ɗaya na lekol shi ne naka. Masassaƙi, mai turmi da akushi da ƙotar gatari, shi da gizago yake aiki, ya fi kowa sanin halin iccen gida, kuma aikinsa in ya fito akwai alamar hannu a jiki wadda inji ba ya bayarwa, sai dai bai saba da santimetir ba, shi ya sa kwalin ke da amfani. Sai maƙeran Buzaye, su ke ƙera takobin ƙarfen na gaske kuma su ke sassaƙa cokula da ƙafafun gado suna yi musu zanen wuta, don haka in na ado kake so wanda zai yi kama da na asali ba wanda ya kai su sanin fasalinsa. Kube kuma aikin baduku ne. A Tahoua ka leƙa cibiyar masu sana'ar hannu, ko ka zaga kasuwa ran Lahadi lokacin da masassaƙan ƙauye ke shigowa da kaya. A Yamai akwai ƙauyen masu sana'a na Wadata, akwai masu aiki cikin gidan tarihi na Boubou Hama, katako kuma kasuwar Katako. Duk wanda ka je wurinsa ka fara da gaisuwa yadda ya kamata, sannu da aiki Baba, ko Malam, ka zauna ka kalli abin da ke hannunsa, ka ɗauki wani aikin da ya gama ka shafa. In ƙotar da ya sassaƙa tana kartar hannu to takobinka ma haka zai fito. Ka tambaye shi kai tsaye, Baba ka taɓa yin irin wanga? In ya ce bai taɓa ba amma zai gwada, wallahi na fi yarda da shi bisa wanda tun ba ka gama buɗe kwalin ba ya ce ba matsala.

Yanzu maganar icce, wadda ita ce ke raba takobin da zai shekara da wanda zai yi sati. Na ƙananan yara da na wasan kwaikwayo farin katako ya fi, wanda kafintoci ke yin silin da cikin kujera da shi, ba shi da nauyi, in ya bugi yaro ba ya yin illa sosai, illarsa yana lotsawa kuma ƙwari na son shi. Jan katako ya fi ƙarfi da kyau, ya dace da yara manya da na ado. A iccen gida kuwa dogon yaro shi ne na fi ba mutane shawara, ga shi ko'ina, a jiharmu ma kwarin Majiya wajen Buza cike yake da shi tun dashen kare iska da anka fara a 1975, danginsu ɗaya da maɗaci, cikinsa ja-ja ne, gara ba ta cika damunsa ba, kuma ana samun reshen da anka sassabe ba sai an kada icce ba. Ka ce a yi maka da jan cikin, ba farin bayan da ke kusa da ɓawo ba, shi ne ƙwaro ke hudawa ka riƙa ganin gari na zuba. Aduwa, wadda ake allo da ita, tana da laushin fuska da kalar ruwan ƙwai mai kyau, tana karɓar zane sosai. Kirya da marke ƙarfi kam ba a magana, amma nauyinsu ya yi yawa ga yaro, takobin kirya sanda ce sosai, tana iya fasa kai, sai dai na bango. Turare yana da saurin tsagewa in yana bushewa. Kwantirpilake kuma in ba wasan kwaikwayo na rana ɗaya ba ka bar shi, gefensa na fidda tsartse kuma da ya sha ruwa sai ya ɓare falle-falle. Wani abu da ya kamata a kiyaye, itatuwa irin su gawo, aduwa, maɗaci, tsamiya da kuka doka ta kare su, ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji, don haka kada kai ka zama sanadin da wani zai je ya kada ɗanyen icce saboda abin wasa, ka tambaya ko yana da busasshen guntu a aje, takobi ai ba ya cin icce da yawa.

Kuma ko wane iri ne sai ka duba abu biyu da idonka kafin a sa masa gizago. Na farko bushewa. Ɗanyen icce ya fi daɗin sassaƙa shi ya sa wasu ke son shi, amma da iskar hunturu ta buge shi sai ya murɗe ko ya tsage tun daga kai. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka ƙwanƙwasa da bayan wuƙa, busasshe yana amsawa da ƙara mai tsabta, ɗanye kuma ƙararsa a toshe take, ka sa a fere ɗan wuri ka taɓa da bayan hannu, in da sanyi-sanyi da danshi to da saura. In kana shakka ka kai wa mai shago ya ɗora a sikeli, ka rubuta, bayan sati ka sake, in nauyin ya ragu bai gama bushewa ba. Na biyu jijiyar icce. Ka kalli layukan da ke jikin katakon, so ake su tafi miƙe daga wannan kai zuwa wancan, in sun karkace sun fita ta gefe to nan ne zai karye ranar da anka buga shi, kuma karyewar tsini take bari. Wannan shi ne dalilin da na ce mai lanƙwasa ya fi rauni, don dole zarto ya yanke jijiyar a wurin lanƙwasa, sai fa in masassaƙi ya samu reshen da ya tanƙwaru da kansa. Duk inda ka ga ido, wato gurbin da reshe ya fito, kada ya faɗo cikin ruwan takobin ko wuyan mariƙi.

Sai ka yi masa bayanin haɗi, kuma a nan kada ka ji kunya ko da ya girme ka, cikin ladabi ake faɗi. Ruwan takobi da mariƙi su zama icce ɗaya tun daga kai har gindi, ba a yi su daban a haɗa ba. Makarin hannu shi ne kawai za a yi daban, a huda tsakiyarsa a zura shi ta gindin mariƙi har ya zauna a kafaɗar ruwan, a sa farin kol na icce, in ana son ƙarin ƙarfi a huda a buga ɗan turun icce. Ƙusa ko waya ko guntun kwano kada su shiga na yara sam. Wurin da ruwa ya haɗu da mariƙi kada a yanke shi da kusurwa mai kaifi, a bar shi da ɗan lanƙwasa, don nan ne duk ƙarfin bugu ke taruwa. Baki biyun a zagaye su, kaurinsu kada ya gaza rabin santimetir, kai kuma a yi shi da faɗin da ba zai shiga kwarmin ido ba, ni nakan ce a yi shi kamar bakin cokali. Kunnuwan makarin hannu su ma a dakushe su kuma kada su yi tsawo, santimetir 10 zuwa 12 duka ya isa ga yaro. Ka faɗa masa a fili, Malam wanga na yaro ne, in ya yi kaifi ba zan karɓa ba, domin mai sana'a hannunsa ya saba da fidda abu siriri mai kyau, in ba ka hana ba zai yi maka gwaninta.

Kuɗi kuma a gama maganarsu tun ranar. Ka tambayi mutum biyu ko uku kafin ka tsaya, kuma ka rarrabe, nawa ne icce, nawa ne aiki, shafe da zane suna ciki ko daban, kube fa. In guda da yawa ne a yi farashin ɗaya sannan a nemi ragi bisa jimla, kuma a fara yin guda ɗaya na gwaji ka gani kafin a yanka sauran. A yi ciniki amma kada a matse mai aiki har ya rasa riba, araha ba ta ado, wanda ka danne a farashi a wajen goga zai rama, kuma gugar ita ce lafiyar hannun ɗanka. Abansi kashi ɗaya cikin uku ne ko rabi, misali in kun daidaita a jika shida ka ba da biyu ko uku, sauran sai ranar karɓa. Biyan duka tun farko shi ke sa aiki ya kwana a ƙarƙashin tebur. Ka rubuta a bayan kwalin nan abin da ka bayar da ranar da kunka yi alkawari, ko ka tura masa bokal a WhatsApp kana maimaita yarjejeniyar ya amsa, ba rashin yarda ba ne, mantuwa ake gudu. Ranar kuma ka sa ta da tazara, in bikin lekol ɗin ƙarshen wata ne ka ce tsakiyar wata kake so. Gab da Sallah dukawa da kafintoci ba su da lokacin kansu, da damina kuma masassaƙan ƙauye suna gona, fenti ma ba ya saurin bushewa.

Ka roƙe shi in ya fidda siffa, kafin ya goge ya shafa komi, ya kira ka ko ya turo hoto. Wannan zuwan na tsakiya minti goma ne amma shi ne lokacin da gyara ke yiwuwa, ana iya rage tsawo, a rage kauri, a sirance mariƙi, abin da ba a iyawa shi ne mayar da abin da anka fere. Ka riƙe shi ka ɗora bisa yatsa ɗaya ka nemi inda yake tsayawa daidai, in wurin yana kusa da makarin hannu, kamar faɗin tafi ɗaya gaba da shi, zai yi daɗin riƙo, in kuwa can tsakiyar ruwan ne to kan ya yi nauyi, wuyan hannun yaro zai gaji kuma ba zai iya tsaida bugu ba, a ƙara fere gaban. Ka rufe ido ɗaya ka hango shi daga gindi zuwa kai ka ga ko ya miƙe.

Gugar ƙarshe a bi ta da samfefa kala uku, mai kaushi lamba 80, sai 120, sai mai laushi 220, ana bin tsawon icce ba a gicciye ba. Bayan an gama a shafa tsumma mai ɗan danshi, a bari ya bushe, za ka ji gashin icce ya tashi, a sake bi da mai laushin, sannan ya yi sumul na gaske. Abin shafawa ga na yara ni na fi son man kaɗanya ko kakin zuma da anka narkar da ɗan mai, a shafa a bari ya sha a goge, tunda yara komi baki suke kaiwa. Baƙin man mota da wasu ke shafa ma katako don gara kada ya kusanci abin wasa, haka ragowar fentin ƙarfe ko na mota da ba a san abin da ke ciki ba, wasu fentocin mai suna da dalma kuma dalma guba ce ga yaro. In dole sai kala a nemi fentin ruwa. Na ado kam a sa berni, shafi biyu ko uku marasa kauri, ana bari kowane ya bushe, ya fi shafi ɗaya mai kauri da zai yi ta danƙo. Zane kuma na wuta ya fi daɗewa, wanda ake ɗora ƙarfe a garwashi a riƙa zanawa, a fidda kwarurukan tsakiya, a sa ɗan wata a gindi irin na takubban da, ko sunan mai shi. In za a sa suna kai ka rubuta shi da hannunka a takarda da manyan baƙaƙe, boko ne ko ajami ko tifinar, a fara zana shi da kiriyon a jikin iccen ka gani, don wuta ba ta gogewa. Shawarata kuma a bar na wasa da kalar iccensa, kada a shafa masa ruwan azurfa har ya yi kama da ƙarfe, a halin tsaron da ake ciki ba ka son yaro ko saurayi ya fita da dare da abin da za a ɗauka makami ne.

Kube sai takobi ya gama sarai sannan a kai wa baduku shi kansa takobin, ba awo ba, ya ɗinka a jikinsa. Jar fatar akuya wadda anka jeme da bagaruwa anka rina da karan dafi ita ce ta gargajiya, a yi mata ado da koriya a baki da ƙarshe, a sa zobba biyu na hamila in za a rataya a kafaɗa ko a bango. Ka ce ya bar ɗan sarari don fata na tsukewa in ta bushe, icce kuma na kumbura da damina. Ka sunsuna fatar, in tana wari jimar ba ta yi ba kuma warin ba zai bar falonka ba. Mariƙin ma yana iya naɗe maka shi da fata, yana ƙara kyau kuma ba ya zamewa da zufa. Na ƙaramin yaro ba ya buƙatar wannan kashe kuɗin, tela ya ɗinka masa na ƙyalle mai kauri, kuma igiyar ta zama ta ɗamara a ƙugu, ba ta wuya ba.

Ranar karɓa ka je da kwalinka da ɗan ƙullin auduga. Ka ɗora takobin bisa kwali. Ka ja audugar a baki biyun da kai da mariƙi, duk inda ta maƙale ta bar zare akwai tsartse, a goge nan take kana tsaye. Ka kama makarin hannu ka girgiza, kada ya motsa ko kaɗan. Ka riƙe kai da gindi ka ɗan tanƙwara a gwiwa a hankali kana saurare, in ka ji ƙas-ƙas akwai tsaga a ciki. Ka buga shi da faɗinsa bisa buhun hatsi sau uku huɗu. In komi ya yi ka cika kuɗi da fara'a, ka yi godiya, in aikin ya burge ka ka ɗora ɗan goro a kai, kuma ka karɓi lambarsa don gaba. In akwai gyara ka faɗa a natse ka bar sauran kuɗin a aljihunka har a gyara.

Wanda ke nesa, misali yana Yamai yana son aikin maƙeran Tahoua ko Abalak, hanyar ɗaya ce sai dai ya samu ɗan'uwa a garin da zai zama idonsa. Ka tura hoton kwalin da awon a rubuce, ɗan'uwan ya yanka irinsa can, abansi ka tura ta Nita ko Amana ka aje rasit, kafin a cika kuɗi a turo maka bidiyo ana auna takobin da metir ana juya shi gaba da baya cikin hasken rana. Wajen aikowa a ɗaure shi tsakanin falanki biyu ko kwali mai kauri ninki uku, a cusa tsumma a kai da makarin hannu, a rubuta takobin icce a bayan ƙunshin, kuma a faɗa ma masu karɓar saƙo a tashar bas abin da ke ciki tun kafin su tambaya, saboda shingayen bincike a hanya. In jirgi za ka hau da shi ka sa shi cikin babbar jakar da ake aunawa, kada ka riƙe a hannu.

A gida kuma na ado a rataya shi a ƙusa biyu a kwance ko da hamilarsa, nesa da taga inda rana ke bugawa, kada a jingine shi a ƙasa jikin bangon laka don gara. Da shigowar hunturu a shafa masa ɗan mai sau ɗaya, da damina a riƙa zare shi daga kube lokaci-lokaci ya sha iska kada fatar ta yi fumfuna. Na yara a kafa musu doka tun ranar farko, ba a bugun kai, ba a sukar fuska, ba a yi da wanda hannunsa ba komi, kuma in an gama a kawo ma Inna ta aje. Duk bayan sati biyu haka a sake jan audugar nan a bakinsa tunda bugu na tada tsartse, a goge da guntun samfefa a shafa mai. In makarin hannu ne ya saki, kol da turu sun gyara shi. In kuwa ruwan ne ya tsage a tsaye, kada a naɗe shi da salatif a mayar ma yaro, a kai wa kafinta ya yanke daga ƙasan tsagar ya sake zagaye kan, ya koma gajere na ƙanensa, in tsagar ta kai wuyan mariƙi kuma a cire makarin hannun a aje don sabon da za a yi, sauran a sa a murhu.